Garin da Aka Hana Ƙarfe

Zauna ka ji misalin wani maƙeri da aka ci garinsu da yaƙi. Da aka zo sulhu, masu nasara suka gindaya sharuɗɗa: kada a ƙara ganin ƙarfe a garin, don kada a ƙera makami, kuma duk kaka a kai musu hatsi, tunda su mayaƙa ne, noma bai dame su ba. Maƙerin nan yana ji yana gani aka kwashe gudumarsa da awartaki, aka tumɓuke uwar maƙera, wato ƙaton ƙarfen da yake ƙira a kansa. Aka bi gida gida, fartanya, gatari, lauje, har allurar tsohuwa da askar wanzami ba su tsira ba. Kafin a jima gari ya zama daga gemu sai yagaggen wando. Magidanci ya shiga gidansa, matarsa ta kwarma ihun ɓarawo, don gemu ya hana ta gane shi. Abin dariya ne, amma ga wanda ya ƙoshi. Damina ta sauka, maƙeri da iyalinsa suka duƙufa tonon gona da tsinke da farce kamar kaji, ciyawa kuwa ta samu gari. Abin da suka girbe, ɓera ya leƙa rumbu ya fito yana yi musu jaje. Bawan Allah ya dubi 'ya'yansa sun rame, abin ya ci masa rai matuƙa.

Da kaka masu nasara suka aiko jakada karɓar hatsi, jakunansa suka koma wayam, su kaɗai ke murna. Can garin masu nasara ma yunwa ta kafa sansani, don ƙarfen da suka kwaso duk sun narkar sun yi takubba, takobi kuwa ba a cinsa da miya. Hadarin wata daminar na fara haɗuwa, sai ga jakadan nan, wuya ya yi tsawo, ya zube damin takubba gaban maƙeri.

"Don Allah baba, mayar mana da su fartanya kafin shuka ta wuce."

Maƙeri ya shafa gemun da ya kai masa cibiya, ya nuna ramin da aka tumɓuke uwar maƙera, inda yanzu kaza ke kwanci.

"Ranka ya daɗe, da haƙori zan ƙera? Ai gudumata tana cikin takobin da ke rataye a kafaɗarka."

Haka shuka ta wuce garuruwan biyu suna kallon juna. Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, wataƙila kai za ka faɗa.