Tsohon da ke Kan Benci

Uzairu na shiga harabar kamfanin riɗi a Gadarif ya hango wani tsoho zaune kan benci, da koɗaɗɗiyar jallabiya da silifa. Nan take ya gane. Ya sha gani a bidiyon waya: mai kamfani ya ɓad da kama, ya zauna cikin masu neman aiki don ya ga halinsu.

Tun da yaƙi ya koro su daga Khartum yake neman aiki. Mai kula da sito ɗaya ake so, kuma yau ba zai yi sake ba. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya sayo masa shayi.

"Baba, ka san abin da ke kashe sito? Danshi. A ɗora buhuna kan katako, a bar iska ta ratsa."

"Madalla, ɗana. Ƙara faɗa min," in ji tsohon.

Uzairu ya zazzage duk abin da ya haddace. Da aka kira sunansa ya ce, "Baba ya fara shiga." Ya koma ya zauna, har ya tura wa matarsa saƙo cewa ta yanka kaza.

Can tsohon ya fito, mudir, wato manajan kamfanin, na biye da shi yana sallamar sauran, wai an samu mutum.

Tsohon ya riƙe hannun Uzairu. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni direban tarakta ne, ban taɓa riƙe sito ba. Duk abin da ka faɗa shi suka tambaye ni."