Ƙwayar Buhun Wake

Ranar da Dakta Husaini ya rataye farar rigarsa ya ce zai koma koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, abokan aikinsa cewa suka yi a nemo mai ruƙiyya. Shekara goma sha biyar yana binciken maganin ƙwarin hatsi, sai ya ɓuge da alli? Kuma ba ma cikin Sakkwato ba. Shi da bakinsa ya roƙi a tura shi wata makaranta can bayan Shagari, wajen Mandera.

Mutum ne marar hayaniya, sai dai yana da halinsa. Ko ƙosai aka shigo da shi ofis, tashi yake yi. In yara suka kifa kai kan tebur lokacin hutu, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tada su.

A aji biyu akwai Mufida. Bencinta na mutum uku ne, amma ita kaɗai ke zama, don gari ya ce uwarta Zulai mayya ce. Shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin sanyi, Zulai ta buɗe ɗakin yara da safe ta tarar da 'ya'yanta uku ba rai, ba ciwo ba tabo. Mufida tana goye lokacin. Miji ya sake ta kafin arba'in, masu sayen furarta suka watse. Yanzu yarinyar ta ce ta gaji, ƙarshen zango za ta bar makaranta.

Maganar nan ta hana Malam Husaini sukuni. Ya roƙi mai gari ya tara iyaye ranar Alhamis. Zulai kuwa da ƙafarsa ya je gayyato ta, bai tambayi kowa hanya ba.

Aka taru ƙarƙashin darbejiya, Zulai can gefe ita kaɗai. Ya fito da kwalbar da ya toshe jiya a gaban ɗalibai. A ƙasa wake ne da ƙwayar nan mai launin toka da ake jefawa a buhu. A sama ya rataye fara biyar cikin raga, ba su taɓa komai ba. Duk sun mutu.

Ya ce iska mai guba ƙwayar take fitarwa, kuma buhu ba ya riƙe ta. Ga al'ada kuma, in an yi girbi, buhun wake ɗakin yara ake sa shi don tsoron ɓarawo, in sanyi ya zo a toshe taga da tsumma.

"Kun ga ɗaki ya zama kwalba ke nan," in ji shi.

Can tsoho Abu, wanda ya ɗauko gawarwakin a ranar, ya ce wallahi akwai buhu huɗu a ɗakin, shi ya jaye su ya sami hanya. Sai salati ya kaure. Mata suka kasa ɗaga ido, wata yarinya ta matsa kusa da Mufida.

Da aka watse Malam bai tafi ba. Tsoro ya kama shi, amma ya tsaya, don wannan tsayuwar ta kawo shi garin. Zulai ta zo gabansa. Ba ta yi godiya ba, fuskarsa kawai take kallo, ta daɗe tana kallo.

"Na san wagga murya," ta ce a hankali. "Kai na yaron ga mai farar riga da yab ba mu ƙwayar kyauta, kac ce mu aje buhu ko'ina. Har fura nib ba ka kas sha."