Akwatin Alhaji Lado

Shekara uku ke nan, duk bayan Babbar Sallah, Alhaji Lado ma'aji yakan ɗora akwatin ƙarfe a kan tebur ya buɗe. 'Yan Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Riyadh su miƙo wuya daga kan tabarma, su hango ɗaurin riyal a jere, su yi kabbara, ya rufe. Ba a taɓawa, wai yawan hannu yana korar albarka.

Albarka kam akwai ta. Rabin 'yan ƙungiya rabonsu da biyan kuɗin wata tun kafin fetur ya yi daraja, amma asusu sai ƙiba yake yi. A 1976 dubu shida, bana dubu goma sha tara. Shugaba har ya fara zancen sayen bas.

Inuwa mai faci a unguwar Sulay, wanda hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai, ya fi kowa alfahari. Shi ma shekara uku ke nan yana kai wa Alhaji ajiya duk wata, kuɗin ginin da ya yi wa matarsa Turai alkawari a Gumel. Ko lissafi ba ya yi. Mutumin da ya riƙe amanar jama'a haka, a tsaya tuhumarsa?

Kwatsam kafilinsa, Balaraben da takardar zamansa ke hannunsa, ya ce riyal dubu biyu kafin Alhamis, ko a sa shi a jirgi a mai da shi gida. Inuwa ya garzaya unguwar Shumaisi, gidan Alhaji Lado.

"Alhaji, a ba ni dubu biyu cikin ajiyata."

"Haba Malam Inuwa, kuɗin ginin za ka taɓa? To asusu don wa muke tara shi?"

Kwamiti ya zauna. Aka sha shayi buta uku, aka nemo shaidu biyu, shugaba ya yi jawabi mai tsawo a kan tattali. Daga ƙarshe aka ba shi rance, ya biya cikin wata shida. Inuwa ya yi godiya har da hawaye.

A bakin titi ya tsaya ya ƙirga. 'Yan ɗari-ɗari ashirin, kowace da shatin babban yatsa na baƙin mai a kusurwa.

Ya tsuguna, ya fara lissafa ajiyarsa da tsinke a ƙasa, wata-wata. Dubu goma sha tara cif.