Wanda Ya Buɗe Bakin Aktosh

Mutum na tara ke nan da Esenkul ya roƙa, shi ma ya ture kofin shayi ya girgiza kai.

"Yaya Esenkul, ka dubi girman Allah. Wanda ya yi alƙalancin nan na ƙarshe, ba rumbun ciyawarsa aka cinna wa wuta ba? Ka bar ni in mutu da yatsuna goma."

Shekara uku ke nan ba a yi gasar karnukan kiwo a kwarin ba, don an rasa alƙali. Kowa ɗan'uwan kowa ne, in ka kayar da karen mutum kun daina gaisawa ke nan har kabari. Mutanen nan sukan yafe wa wanda ya ja musu gemu, amma ban da wanda ya kushe musu kare.

Abin ya tsaya wa Esenkul a rai. Karensa Aktosh ya cika shekara tara, furfura ta fara cin bakinsa. Kyarkeci huɗu ya kashe, ya taɓa kwana biyu cikin ƙanƙara yana ɗumama ɗan tunkiyar da ya ɓata, amma ba a taɓa ɗaura masa jan ƙyallen zakara ba. Burin Esenkul ɗaya ne: a kira sunan karen nan a gaban jama'a kafin ya mutu.

Ranar kasuwar dabbobi sai wani dattijo ya tare shi. Ya ce sunansa Orozali, daga can bayan duwatsu yake, ba shi da kowa a kwarin. Rana na dukan ƙeya, amma yana cikin tsohuwar rigar fatar tunkiya mai koren faci a hannun dama. Ya ji ana neman alƙali, kuma ba ya son a biya shi ko som guda na kuɗin ƙasar.

"Son karnuka ne kawai, ɗana," in ji shi. Saura kaɗan Esenkul ya rungume shi.

Karen kiwo ba ya barin baƙo ya matso, balle ya buɗe masa baki ya duba haƙora. Sai mai shi ya kama hannun baƙon ya ɗora a kan karen, ya ce, "Namu ne." Daga ranar kuwa kare ba ya mantawa. Haka aka yi wa karnuka goma sha ɗaya ranar gasa. Orozali bai yi gaggawa ba. Yakan bar kowanne ya shinshine rigarsa, ya ciro busasshen cuku daga aljihu ya ba shi, sannan ya tambayi mai shi inda yake kiwo da yawan tumakin da karen ke gadi. Ya ce ba a auna kare sai da garkensa. Dattawa suka gyaɗa kai, an samu wanda ya san aiki.

Ta goma sha biyu baƙar karya ce ramammiya, ta Burulkan, wadda mijinta ya rasu ya bar mata tumaki talatin. Sau uku tana cewa "namu ne", karyar na yage baki tana gurnani.

"Baiwar Allah, wannan ai mahaukaciya ce," in ji Orozali. "Kai ta bayan dutse ki harbe ta, ki huta."

Aka fashe da dariya, ta Esenkul ta fi ta kowa ƙarfi. "Burulkan, ko ita ce ta hana marigayi shiga gida har sanyi ya kashe shi?" Matar ta ja igiyarta ta fice, ba ta ɗago kai ba.

Aktosh ya lashe gasa. Da aka ɗaura masa jan ƙyalle Esenkul ya yi hawaye, bai ko ɓoye ba.

Mai karen da ya zama zakara kan yanka raguna ya ciyar da kwari duka, kowa ya sauko daga makiyaya ya bar garke da kare. Orozali ne ya ce Alhamis ta fi albarka. Da safiyar ranar ya aiko cewa bayansa ya riƙe. Aka ci nama, aka sha nonon goɗiya, har Burulkan ta zo ta wanke tukwane.

Da la'asar suka koma tudu, suka tarar da wayam. Garke goma sha ɗaya sun ɓace, sai sawun manyan motoci a laka. Babu jini, babu alamar faɗa. Aktosh ya rugo yana kaɗa wutsiya, jan ƙyallen na wuyansa.

"Zakaran ke nan?" in ji wani, ya tofar da yawu.

Karen da ya ga ɓarawo ya yi shiru ba a barinsa ya kwana. Esenkul ya ɗauko bindiga. Da ya durƙusa, Aktosh ya lashi hannunsa. Bai bari kowa ya yi masa aikin ba.

Yana tsugune a kan gawar sai ga Burulkan ta gangaro da tumakinta talatin cif, baƙar karyar na ɗingishi a bayanta, bakinta duk jini. Ta jefa masa abin da ta ɓamɓaro daga haƙoran karyar, ta wuce.

Yagaggen hannun riga ne na fatar tunkiya, mai koren faci, wanda Esenkul ya kama da kansa ya ɗora a kan Aktosh, ya ce, "Namu ne."