Girkin Gobe

Tun da aka haɗa murhun kowane gida da manhajar girki, ita ke tsara abin da za a dafa. Ba ta kuskure. Takan ƙara kwano tun kafin baƙo ya yi sallama.

Da safe Barira ta duba wayarta. Yau dambu. Gobe kuwa: "Babu girki. Maƙwabta za su kawo."

A unguwarsu gidan makoki kaɗai ake yi wa haka.

Mijinta Sallau na ɗaure kaya a babur.

"Malam, ka fasa tafiyar nan."

"Yau kuma kewa ce?" Da ya ga fuskarta sai ya sauke kayan.

Ta sake dubawa. Rubutun bai canza ba. Ta tsaya ƙofar ɗakin da 'yarsu ke barci, ta kasa ɗaga labulen.