Man da Ya Rufe wa Injin Baki

Tun kafin a sauke motar daga janwe makanikin ya gane ta. Gabanta ya lotse har kujera, amma jan tsumman da ya ɗaura wa murfin mai yana nan.

Dattijon da ya rako ta ya kira shi da laƙabin ƙwararrun masu sana'a, ya ce, "Usta, duk Alƙahira an ce kai ka san wannan injin. Ɗana ne ya rasu a ciki. Yana wuce tirela a hanyar Iskandariyya injin ya mutu masa. Laifin wa?"

Makanikin ya san laifin wa. Ƙaramin injin ne mai famfon da ke ɗura masa iska, ba ya shan baƙin mai sai tsinkakke. Da rani wani dillali ya kawo motar, sarƙar injin tana ƙara kamar za ta tsinke. "Rufe mata baki kawai, Usta, Juma'a za ta kasuwa." Makanikin ya ɗura mata baƙin mai mai kauri irin na manyan motoci, ta yi tsit. Har shayi suka sha suna dariya.

Yanzu makanikin ya sunkuya kan injin, yana murza man a yatsunsa.

"Gudu ne, Hajji," in ji shi. "Yaran zamani."

Dattijon ya sauke ajiyar zuciya. "Ka sauke mini dutse daga ƙirji. Ni na zaɓar masa ita, don na ji injinta shiru."

Ya kamo hannun makanikin ya sumbata, ya tafi da baƙin man a leɓensa.