Hanyar Almakashi

"Yaya, ɗan ƙara matsawa gefe," in ji mai hoto, idonsa a jikin tsohuwar kyamararsa mai fim. "So nake zanin nan naki ya fito sosai."

Ta matsa, bakinta har kunne. Ƙaninta, wanda ta goya tun rasuwar uwarsu, ya zama babban mutum. Yau ya tara matarsa da 'ya'yansa a ɗauki hoton da zai rataya a falo. Har da ita! Fitila ta haska, kyamara ta yi ƙyas.

Ranar da aka wanke, ita ta riga kowa zuwa shagon. Hoto ya yi kyau: ga ƙanin, ga matar, ga yaran. Inda ta tsaya kuwa, nan takardar ta ƙare.

"Malam, ni fa?"

Mai hoto ya sunkuyar da kai. "Fim ba waya ba ne, Yaya, ba a goge mutum. Shi ya sa tun kafin ki iso ƙaninki ya ce in bar wa almakashi hanya."

Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo mata wani siririn yanki.

Zanin kuwa ya fito sosai.